Kogon Barewa na Mulu: sharhina kan yawon da ɗan jagora, da abin da ajan bai gaya min ba

Jama'a tunda na sa bidiyon jemagun nan da ke fitowa daga kogo a status mutanen Gusau sun hana ni sakat, wai ina ne, nawa anka kashe, wasu ma cewa su kai haɗin kwamfuta ne. To ba haɗi ba ne. Wurin sunanshi Mulu, gandun daji ne a jihar Sarawak ta ƙasar Malesiya, can tsibirin Borneo, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 2000. Kwas ɗin aikin gona ya kai ni Kuching, babban birnin Sarawak, da anka ba mu hutu ni da wani abokina ɗan Talatar Mafara munka ce bari mu je mu ga abin da ake ta zuzutawa.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don in huce. Ta hannun wani ajan a cikin gari munka yi bukin, wato kama gurbi tun kafin tafiya, ya ce jemagu kam tabbas za mu gani, kamar shi ke buɗe musu ƙofa. Ƙarya ne. In anka yi ruwa da marece ba su fitowa, kuma dajin nan ruwa ba ya shawara da kowa, ranar farko haka munka zauna muna kallon bakin kogo har duhu ya fara, ruwa na ta zuba ko ɗaya bai leƙo ba. Daga baya kuma mun gane kuɗin da ya ɗora mana sama ba kaɗan ba ne, alhali mutum na iya yin bukin da kanshi ta intanet. Masaukin da ya kama mana ma janareta ne, dare na yi a kashe, sai zufa. Don haka in za ka je ka ba kanka kwana fiye da ɗaya, kuma ka ciri tsabar ringit, kuɗin Malesiya, tun daga Miri, garin da ake hawan jirgin Mulu, don babu ATM a Mulu, netwok ma sai ka yi ta ɗaga waya sama. Daga Miri ƙaramin jirgi ne, wajen minti 30. Fasfo ya zam yana jikinka, Sarawak na da nata shige da fice ko daga Kuala Lumpur ka fito.

Shi yawon kanshi, gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Ba a barin kowa ya shiga kogo sai da ɗan jagora, da farko na ɗauka hanyar cin kuɗi ce kawai amma wallahi ba don shi ba da rabin abin da ke wurin mun wuce shi ba mu sani ba. Bayan azahar ake tashi, tafiyar ƙasa ce ta wajen kilomita 3 bisa gadar katako da anka shimfiɗa cikin daji, kuma mutumin nan duk taku kaɗan sai ya tsaya ya nuna wani icce ya ce ku duba, mu duba ba mu ga komai ba, sai ya matsa da yatsa sannan ka ga ashe ƙwaro ne mai kama da tsinke sak, ko ƙadangare ya lafe jikin ɓawo. Ɗan yankin ne, a bakin kogin wurin anka haife shi, ba ya sauri kuma ba ya gajiya da tambaya, abokina kuwa akwai tambaya.

Kogon Lang anka fara kai mu, ƙarami ne amma shi ya fi ado, duwatsu sun zubo daga rufi wasu sun taso daga ƙasa har sun haɗe. Nan ya yi mana bayanin yadda abin ke faruwa. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato a yi siminti da shi. Ruwan sama in ya ratsa ruɓaɓɓen ganye da ƙasar daji yakan ɗauki ɗan tsami, tsamin nan shi ke cin dutsen sannu sannu ta cikin tsaga har tsaga ta zama hanya, hanya ta zama kogi a ƙarƙashin ƙasa, sannan ɗigon da ke sauka daga sama ya riƙa barin ɗan farin gari yana taruwa shekara dubbai. Shi ya sa anka hana taɓawa, maiƙon hannu na ɓata shi. Abokina ya ce to mu me ya hana Dutsen Kwatarkwashi yin irin wanga rami, amsar ita ce dutsenmu mai tauri ne irin wanda ake fasawa a yi kwalta, ruwa ba ya narka shi haka, kuma ina mu ina ruwan da ake yi can kusan kullum.

Sai Kogon Barewa. Kai jama'a! Hoto ba ya ɗaukar girman wurin ga. Tsawon shi wajen kilomita 2, rufin ya haura mita 100, mutanen da ke gabanmu sai ka gan su ƙanana ƙanana can nesa. Da shi ake cewa ya fi kowace hanyar kogo girma a duniya kafin a auna kogon Son Doong na Biyetnam a 2009. Sunan kuma wai barewa ke zuwa lasar gishiri a wurin tun da, mu dai ba mu ga ko ɗaya ba. Kafin ka shiga wari ke fara tarbonka, wani irin zarni mai hawa kai, in kana da asma ka yi tunani. Ɗan jagora ya haska sama ya ce kun ga baƙin can da ya rufe rufi, mun ɗauka kalar dutse ce, ashe jemagu ne manne da juna, miliyan 2 zuwa 3 ake ƙiyasta su, kuma iri iri ne ba ɗaya ba.

Ni malamin gona ne, don haka abin da ya tsaya min a rai ba rufin ba ne, ƙasan ne. Kashin jemage tuli tuli gefen hanya, wani tudun ya fi tsayin mutum, na tsaya ina lissafin buhu nawa za a ɗura a nan da yadda takin zamani ya yi tsada a gida, har na tambaya ko ana saidawa. Ya yi dariya ya ce ko cokali ba a fita da shi. Sai ya ce in matso in haska tocila da kyau. Ashe tudun motsi ya kai, kyankyasai ne da ƙananan ƙwari ba iyaka suna ci, gyare masu dogon gashin baki suna bin su, gizo-gizo da shanshani mai dogayen ƙafafu suna farautar gyaren, akwai ma maciji da ke hawa bango ya jira jemage ko tsuntsu ya gitta. Cikin kogo babu rana babu ciyawa, to duk abincin waɗannan halittu jemage ne ke ɗauko shi daga daji cikin cikinshi ya zo ya sauke. In ka kwashe kashin ka kashe su duka. Na fahimta, amma har yanzu in na tuna tudun nan sai na ji wani iri.

Akwai kuma tsattsewa da ke sheƙa can cikin duhu, za ka ji suna ƙas ƙas ƙas suna wucewa saman kanka, da amon ƙarar suke gane hanya. Wasu irinsu da miyau suke gina sheƙa, ita ce 'yan Sin ke saye da tsada su yi miya da ita. Kowa da abincinshi dai.

Fitar jemagun da marece ne, tsakanin biyar da shida in sararin sama ya yi kyau, akwai wurin zama da benci da anka yi don kallo. Da Allah ya sa munka dace, ba a tare suka fito ba, rukuni rukuni ne, kowane ya fara kewaya bakin kogo sannan ya miƙe ya zama doguwar igiya baƙa tana lanƙwasa a sama, wani na ɓacewa wani na fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin jan baki sun sauko ma gonar gero a Bakura ya san irin abin, sai dai waɗannan ƙwari suke zuwa ci, manomi bai da abin tsoro. Shaho na shawagi gefe yana faɗawa cikinsu ya fizgi ɗaya, shi ya sa suke wannan murɗe-murɗen. Turawa sai ihu suke, mu kam sai tasbihi. Kuma na lura sauro bai dame mu ba wurin duk da daji ne mai ruwa, ɗan jagora ya ce aikin jemagun ne.

Yawon safe na Kogon Iska da Kogon Clearwater a kwale-kwale ake zuwa ta kogin Melinau, ana tsayawa ƙauyen Batu Bungan inda matan Penan, wata ƙabilar yankin, ke saida kayan saƙa da duwatsun wuya. Clearwater ɗin yana da kyau, kogi ne garau ke gudu cikin dutse kuma an auna hanyoyinshi sun wuce kilomita 200, amma matakala wajen 200 za ka hau kafin ka kai baki, ba wurin kai Baba ko Inna ba ne in gwiwa ta fara ciwo. In kuɗinka na ɗaya ne, zaɓi na marecen.

Wanda zai je ya ɗauki tocilar goshi, rigar ruwa, hula saboda abin da ke ɗigowa daga sama ba duka ne ruwa ba, da takalmi mai kama ƙasa don katakon akwai santsi, silifas ba zai yi ba. Ka sa wasu tufafi daban a leda na sallah, ka yi alwala tun daga masauki, la'asar a hanya za ta same ka kuma dawowa cikin duhu ne. Abinci ka tambaya kafin ka ci, mutanen cikin dajin da yawa ba musulmi ba ne, mu kifi da shinkafa da ƙwai munka riƙe. Ɗan jagora da tsarin kogon na ba su biyar cikin biyar, ajan kuwa ko lambarshi kada wanda ya tambaye ni.