Karanshaf ya yi tsatsa: gyara na asali, na Beljiyam ko sabo?

Duk wanda ya fito da tsohuwar Suzuki A100 ko Yamaha YB100 daga ɗakin ajiya bayan shekaru, ya taka kik ya ji ya ƙame, to ya shirya wa tsatsa. Injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur ba shi da tafkin mai a ƙasa kamar na su Bajaj Boxer. Ɗan baƙin man da ke ƙonewa tare da fetur ne ke jiƙa karanshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a ƙasan inji, da boris. Idan babur ya daɗe a ajiye man ya bushe, danshin damina ya shiga ta salansa da kafireta, sai ƙarfe ya fara ja. A nan ne masu sayar da kaya za su yi maka caa, kowa da shawararsa.

Zaɓi uku ne a gabanka: gyara na asali, sayen na Beljiyam (wato tsohon da aka shigo da shi daga waje) ko sayen sabo, ni kuma tun yanzu zan faɗa maka inda na tsaya: ka gyara na asali. Suzuki ta fara fitar da A100 a 1966, Yamaha ta biyo da YB100 a 1973, kuma ƙarfen da Japan ta zuba a karanshaf na wancan zamani ya fi yawancin abin da za a miƙo maka a kwali yau. Irin wannan karanshaf ba curi ɗaya ba ne. Kumatu biyu ne aka matse a kan fil guda, kwanrod (sandar da ke haɗa fistan da karanshaf) da boris ɗinsa na allura a tsakiya. Tsatsar da ke kan kumatun ba ta da wani tasiri, buroshin waya da kananzir sun ishe ta. Wadda ke kashe inji ita ce ta kan fil da cikin idon kwanrod, domin allurorin a kan fatar ƙarfen suke gudu kai tsaye. Ko ɗan rami guda aka samu a wurin, samfefa ba ta gyara shi, sai dai a canza. Saboda haka abin da za ka saya shi ne saitin kwanrod cikakke: sandar, fil, boris na allura da washa biyu na gefe, sannan boris na gefe biyu da sil sababbi, wato robar da ke hana iska da mai wucewa.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba wurare uku a jikin tsohon: inda magineto ke zama da ramin makullinsa, zaren goro, da inda leɓen sil ke gogawa. Idan waɗannan lafiya lau suke, karanshaf ɗinka yana da sauran rai. Wanda zai yi aikin kuma dole ya kasance yana da injin matsi da agogon awo. Bayan an haɗa, ana ɗora shi a juya a ga karkatarsa, ana bugawa da gudumar tagulla har ta sauko. Masu ƙera irin waɗannan injuna ba sa yarda ta wuce milimita 0.03 zuwa 0.05. Bakaniken da ya ce maka da ido yake aunawa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ɗauki kayanka.

Na Beljiyam kuwa sayen kifi ne a ruwa, domin ba ka ganin cikin idon kwanrod sai ka raba shi, ka ga ka koma kan kashe kuɗin gyara. Sabon da ba na kamfani ba sai idan naka ya karye ko ya lanƙwashe, kuma shi ma a ɗora shi a agogo kafin ya shiga inji. Wanda ya ce maka na Jincheng AX100 zai shiga A100 don sunan ya yi kama, ka ce a jera su a auna a gabanka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jabun boris. An taɓa sayar mini da wani a kwali mai kyau, da sunan babban kamfani a jiki, bai yi nisa ba ya fara kuka, ɓarɓashinsa ya haura ya karce fistan da silinda, aikin da aka gama ya koma ɗanye. Sunayen da aka fi amincewa da su, irin su NTN, Koyo, NSK da SKF, su ne kuma aka fi kwaikwaya. Ka duba rubutun da ke jikin zoben: na gaske a tsaye yake, fes, ba ya gogewa da farce. Ka dubi kwalin, ka dubi kuɗin. Idan an yi maka rabin farashin da ka ji a wasu shaguna, to ba ƙaunarka ake yi ba. Kamfanin SKF yana da manhajar waya mai suna SKF Authenticate da ake tura hoto su tantance. Akwai kuma masu wanke tsohon boris su cika shi da giris mai kauri don kada ya yi ƙara a hannu. Ka wanke shi da kananzir ka juya a hankali, in ka ji kamar da yashi a ciki ka mayar. Ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu, ka karanta lambarsa har ƙarshe, idan akwai C3 a jiki to sai mai C3, domin an bar masa sarari ne saboda zafi. Sil ma haka. Jabun sil yana taurara da wuri, iska ta riƙa shiga ƙasan inji, mai ya yi ƙaranci, fistan ya kama. Da yawa suna ta canza kafireta alhali sil ne.

Kes ɗin inji alminiyom ne, farin gari yake yi, jan da ka gani a cikinsa daga karanshaf ya zubo. Kananzir da buroshi mai laushi sun wadatar. Kada ka yarda a jiƙa shi a ruwan soda mai ƙuna, tana cin alminiyom, kuma kada ruwan batir ya kusance shi. Ruwan khal na kwana ɗaya yana cire tsatsa a kumatun karanshaf bayan an raba shi, a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take. Idan kes ya fashe har za ka sayi wani, sayi ɓarin biyu tare, don tare aka huda su a masana'anta. Ka gwada mazaunin boris: idan ya faɗa da kansa kes yana sanyi, ramin ya buɗe, kuma dabarar dandatsa ramin da kan ƙusa ba ta daɗewa. Yadda ya dace shi ne a ɗumama kes ɗin zuwa kamar digiri 100, boris ya zame ya zauna ba tare da duka ba. Wajen rufewa, nemi man haɗi mai jure fetur irin ThreeBond 1184, ka shafa siriri, jan silikon da ake sayarwa a ko'ina fetur yana lalata shi ya toshe ramukan mai.