Hawa Hilux ga mai ciwon gwiwa: me za a fara saya, me za a bari?

Ranar da muka ɗauko Baba daga asibiti, sai da mu biyu muka tallafe shi kafin ya shiga Hilux ɗin da shi da kansa ya yi shekaru yana tuƙawa zuwa gona. Ƙafa ɗaya ta hau, ɗayar ta ƙi bin ta, babbar riga ta maƙale a bakin ƙofa, shi kuma yana ta faɗin, "Ku sake ni, zan iya." Batun sayar da motar bai ma taso ba, don hanyar ƙauyenmu da damina ba ta ƙaramar mota ba ce. Dole hanyar shigar za a gyara, kuma sai da na zubar da kuɗi a inda bai dace ba kafin na gane kan abin.

Kafin ka je kasuwa, ɗauki tef ɗin awo. Auna daga ƙasa zuwa dokin ƙofar motar, sannan ka auna iya tsayin da mutumin yake ɗaga ƙafarsa ba tare da ya cije baki ba. Matakalar bene ta gida tana tsakanin santimita 15 zuwa 18, kuma ita ce ma'aunin da ya kamata ka riƙe. Sai ka tsaya ka kalle shi yana ƙoƙarin shiga. Wani ƙafa ce ba ta ɗaguwa, wani hannu ne ba ƙarfi, wani kuma juyawa a kan kujera ce ke gagararsa. Kowanne da maganinsa, mai shago kuwa abin da ke gabansa zai tallata maka.

Matakalar gefe ita ce kowa ke fara tunawa, kuma iri biyu za ka fi gani a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Akwai ta bututu mai sheƙi, akwai shimfiɗaɗɗiya mai faɗi. Ta bututun na fara saya saboda kyau, na kuma yi da-na-sani. Tafin ƙafa ba ya zama a kanta, kuma in ta jiƙe, mai silifas yana iya sulɓewa. Ga dattijo, mai faɗi ce abin saye, wadda aƙalla rabin takalmi zai zauna a kanta, mai roba ko zane-zanen da ke riƙe ƙafa. Duba kuma inda za a ɗaure ta: a ramukan da kamfani ya tanada a ƙarƙashin motar, da ƙarafan da aka yi don wannan samfurin, ba inda mai walda ya ga dama ba. Tambayi kilo nawa take ɗauka, ka hau kanta ka yi tsalle kaɗan kafin ka biya.

Aibinta shi ne yawanci tana manne da jikin mota, don haka abin da take ragewa kaɗan ne. Takun farko daga ƙasa yana nan da tsawonsa. Wajen sauka kuma takan goge wa mutum taɓo a wando. Akwai masu ƙaramin mataki da ke saukowa ƙasa sosai, suna rage tsayin da kyau, amma su ne ke fara karo da dutse da kunya a hanyar gona.

Matakala mai lantarki ta warware wannan. Kana buɗe ƙofa ta sauko ƙasa, kana rufewa ta koma ta ɓuya. PowerStep na kamfanin AMP Research na Amurka shi ne sanannen sunan. Ga wanda zirga-zirgarsa a kwalta take, kuma yana da mai wayarin da ya amince da shi, abu ne mai daɗi. Sai dai injinta da gaɓoɓinta a ƙarƙashin mota suke, inda ƙurar hunturu da taɓon damina ke taruwa, kuma ranar da ta ƙi saukowa, mara lafiya yana tsaye a rana. Ni na bar ta saboda hanyarmu, ba don ba ta aiki ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne wanda ya fi araha: ƙaramin dandamali da ake ajiyewa a ƙasa. Kafinta ya yi mana da katako mai kauri, tsayinsa santimita 16, faɗinsa ya ɗauki ƙafa biyu har da sanda, aka manna roba a sama da ƙasa, aka ɗaura masa igiya don a jawo shi ciki bayan an zauna. Da shi da matakalar gefe, hawa ɗaya mai tsawo ya rabu gida uku. Kada a yi wannan da kujerar tsugunno, ko bokitin fenti, ko turmin da aka kifa. Na ga an yi, gindinsu ba shi da faɗi, da an taka gefe sai su kife.

Yanzu batun hannu, wanda mutane suka fi mantawa. Wanda bai sami abin riƙewa ba, ƙofa yake kamawa, ƙofa kuwa motsi take yi. Akori-kura da yawa suna zuwa da mariƙi a ginshiƙin gaba kusa da gilashi. In taka ba ta da shi, nemi na asali, don wasu motocin akwai jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi karo, a ɓoye ta wannan wajen, huda shi da ka haɗari ne. Akwai kuma ɗan mariƙin hannu irin HandyBar na kamfanin Stander, wanda ake zura bakinsa a ƙarfen da ƙofa ke kamawa in an rufe ta. Yana ɗaukar kusan kilo 159, yana shiga aljihun ƙofa, ba a kwance komai.

A nan sai a lura da wane ɓari ne ke da ƙarfi. A motocinmu sitiyari na hagu, fasinja na dama. In ya juya yana fuskantar waje zai sauka, ginshiƙin gaba yana hannunsa na hagu, ƙarfen ƙofa yana na dama. Mai shanyewar ɓarin dama ba zai amfana da ɗan mariƙin ba a kujerar gaba, sai dai mariƙin ginshiƙi, ko ya koma kujerar baya ta hagu in motar mai ƙofa huɗu ce, inda ƙarfen zai faɗo a hannunsa na hagu. Masu gashin ƙashi suna koyar da cewa ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka, kuma ya dace a tuntuɓe su kafin a sayi wani abu ga wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa.

Matashin zama mai juyawa bai burge ni ba a akori-kura. Yana ƙara tsayi a kujerar da dama ta yi tsayi, kuma gefen kujerar yakan hana shi juyawa. Leda a kan kujera tana yin kusan aikin, muddin an zare ta kafin mota ta tashi.

Ga wanda ba ya iya tsayuwa, mai keken guragu, duk waɗannan ba su isa ba. Abin da ake yi a ƙasashen waje shi ne kujera mai injin da ke juyowa, ta fito waje, ta sauko daidai tsayin keken, irin Turny Evo na kamfanin BraunAbility. Tsada gare ta, odarta ake yi, ba kowace mota take shiga ba, kuma canza kujera ya shafi bel da jakar iska, don haka ba aikin bakaniken bakin titi ba ne. A irin wannan hali, ka lissafa kuɗinta da na sufuri da na kwastam, ka kwatanta da kuɗin mota mai ƙasa-ƙasa da za a riƙa kai shi asibiti da ita.

Duba tayoyinka ma. In an sa wa motar manyan tayoyi ko an ɗaga ta don ado, mayar da ita yadda kamfani ya yi ta zai rage wasu santimitoci. A gida kuwa, muna faka ta ne ƙofar fasinja na daidai da dakali, Baba ya tattare rigarsa a kafaɗa, ya kama mariƙin ginshiƙi, ya taka ya shiga. Dandamalin katakon sai in za a je masallacin Juma'a ko gona ake jefa shi a bodi.