Rigar sulken da muka saya wa 'yan sintirin layinmu

Ni ne ma'ajin ƙungiyar sintiri ta layinmu a Rigasa, Kaduna, don haka duk abin da aka saya da karo-karon magidanta ta hannuna yake bi, kuma ni ake tsarewa da tambaya idan kaya bai yi ba. Riguna iri biyu muka saya wa samarin da ke kwana a waje. Ɗaya baƙa ce mai laushi, wadda mai sayarwa ya ce tana tare harsashi. Ɗayar mai tauri ce, ta wuƙa, wadda da ƙyar ya fito da ita domin kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Ta wuƙar ce ta biya kuɗinta. Ta harsashin ba jabu ba ce, sai dai ba ta aikinmu ba ce, kuma an yi mata yabon da ya fi ƙarfinta.

Mutumin a WhatsApp yake tallan kayansa: takalman gadi, tocila, usur, sanduna. Ba ni da ƙorafi kan mu'amalarsa. Ya kawo kaya ranar da ya ce, ya bari muka duba kafin mu biya. Bakinsa ne matsalar. Ya ɗaga baƙar rigar ya ce mini, "Malam, wannan ko AK aka ɗirka mata, sai dai mutum ya yi tangaɗi ya ci gaba da tafiyarsa." Ban ce ƙarya ya shirya ba. Ina jin haka shi ma aka faɗa masa a inda ya saro.

Rigar da kake gani a waje jaka ce kawai. Idan ka zuge zif ɗin ƙasa za ka zaro ainihin abin, gaba ɗaya baya ɗaya, kowanne a cikin baƙar leda da aka liƙe bakinta. A cikin ledar fallaye ne na wani zare rawaya, an jera su da yawa an ɗinke gefe. Irin zaren nan ne da ake kira Kevlar, wanda wata masaniyar sinadarai a Amurka, Stephanie Kwolek, ta gano a kamfanin DuPont a 1965. A jikin ledar akwai farar takarda, kuma a kanta gaskiyar rigar take, an rubuta IIIA.

Wannan lamba ma'aunin NIJ ne, wata cibiya ta ma'aikatar shari'ar Amurka da ke gwada irin waɗannan riguna. Matakin IIIA shi ne ƙololuwar riga mai laushi, kuma iyakarsa ƙaramar bindiga, daga fistol mai harsashin 9mm har zuwa .44 Magnum. Babbar bindiga sai mataki na III ko na IV, waɗanda ba zare ba ne, faranti ne mai tauri na ƙarfe ko tangaran ko wata roba ta musamman, ana zura shi a aljihun ƙirji. A sabon tsarin da suka fitar a 2023 sun sauya sunayen, na ƙaramar bindiga ya koma HG, na babba RF, wanda ma ya fi sauƙin ganewa. Dalilin rabuwar shi ne gudun harsashi. Harsashin fistol yana fita da kimanin mita 360 a daƙiƙa ɗaya, na AK-47 kuwa ya haura mita 700, ga tsini, ƙarfin bugunsa ya kusa ninka na fistol sau huɗu. Zare ba ya riƙe wannan. Gaba zai shiga ya fita ta baya, da rigar da mai rigar. To wanda ke tsoron 'yan bindigar da ke shigowa daga daji, rigar nan ba ta ƙara masa komai ba sai nauyi.

Mun sadaukar da riga ɗaya daga kowane iri don mu gani da idonmu, domin na fi son a yi asarar riga da a yi asarar ɗan wani. Na samo yumɓu wajen masu ginin tukwane, muka shafe shi da kauri a kan katako, muka ɗaure rigar a kai. Haka masu gwajin suke yi, kuma a ƙa'idarsu ramin da bugu zai bari a yumɓun kada ya wuce milimita 44, ko da harsashin bai ratsa ba.

Akwai mahauci a cikinmu, shi aka ba wuƙa. Da ya kai wa baƙar rigar sara da adda, ta yi abin kirki: yadin waje ya tsage, fallayen sama suka yanke, sauran suka riƙe. Har an fara tafi. Sai ya ɗauko siririyar wuƙarsa ta fiɗa, ya riƙe ta da kyau ya caka daga sama da nauyin jikinsa. Da muka ɗaga rigar, ga bakin wuƙar ya leƙo ta ciki, ya bar tsaga a yumɓu. Basillar dukanci da aka wasa kuwa ko gardama ba a yi da ita ba, sumul ta wuce. Zaren yana aiki ne irin na ragar gola: abu mai dunƙulallen kai ya zo da gudu, raga ta kama shi ta raba ƙarfinsa ko'ina, harsashin ma ya baje. Tsini ba ya bugun raga, tsakanin zare yake bi yana ture shi gefe, kaifi kuma yana yanka shi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ma'aunin rigar wuƙa daban yake da na rigar harsashi, kuma rigar da ta ci jarrabawa ɗaya ba lallai ta ci ɗayar ba.

Ta wuƙar a cikinta ƙananan faranti ne na roba mai tauri, an ɗora bakin wannan a kan na wancan, da soso a baya. Adda ta yi tsalle a kanta. Wuƙar fiɗa ta karce ta zame. Basilla ta lanƙwashe, mahaucin ya yarfe hannu yana cewa ta ja masa targaɗe.

Gwajin bindiga a gona aka yi shi, bayan gari, da adakar wani dattijon maharbi da ke da lasisinsa, wanda duk muke kira Baba. Ya ɗura albarushi da ƙwayoyin dalma ya saki wa baƙar rigar. A nan ta nuna aikinta: ƙwayoyin duk sun maƙale a fallayen farko, sun baje. Amma da na taɓa yumɓun, akwai ramin da babban yatsana ya shige har gaɓar farko. Wanda ke ciki zai rayu, sai dai haƙarƙarinsa zai ba da labari. Ta wuƙar kuwa da Baba ya harbe ta, farantan suka tsage, wasu ƙwayoyin suka nutse cikin yumɓu.

Baba bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "Yaro, ai ko a zamanin doki kowane makami da rigarsa." Gaskiya ya faɗa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali fagen yaƙi a ƙasar Hausa. Lifidin nan da muke kallo a jikin dawakai a hawan sallah a Zariya, yadi ne aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke, kuma aikinsa ya shanye kibiya kafin dafinta ya taɓa fata. Sulke zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, maganin saran takobi, amma siririn tsini yana iya samun hanya a cikin zobe, shi ya sa ake haɗa shi da abu mai kauri. Garkuwar fata tana kare mashi. Duk waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki, har 1903, lokacin da sojojin Ingila suka zo Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim. Jarumtar mahayan ba ta ragu ba. Kayan jikinsu ne ba a yi su don wannan makami ba.

Mu abin da muke gamuwa da shi a layinmu da dare ba boyayye ba ne: masu ƙwacen waya da 'yan sara-suka, da wuƙa da gariyo da adda. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin rigunan biyu. Amma ita ma ta wuƙar kada a kai ta inda Allah bai kai ta ba. Ƙirji da ciki da baya take rufewa. Wuya a buɗe, hamata a buɗe, damtse da cinya a buɗe, kuma mai sara ba ya tambayar inda ka rufe. Girma ɗaya aka kawo mana, don haka a jikin siririn yaro tana lilo, a jikin mai ƙiba kuma gefe da gefe ba sa haɗuwa, a bar tazarar tafin hannu daidai kan ƙoda. Tana da sauti idan ana gudu, kuma sunkuyawa da ita aiki ne.

Zafi kuwa duka biyun ba su da tausayi. Da hunturu samari har rububinsu suke yi, saboda suna tare iska. Daga Maris zuwa saukar damina sai ka tarar an rataye su a jikin benci, an zauna da singileti. Baƙar ta fi son lallashi: zarenta yana rage ƙarfi idan ya jiƙe, rana ma tana cinye shi, saboda haka jakar waje kaɗai ake wankewa, kuma da zarar ledar ciki ta huje ruwa da gumi sun samu ƙofa. Yawancin masu ƙera ta shekara 5 suke ba da tabbaci a kanta. Da na duba ranar ƙira a takardar tamu, ta riga ta cinye fiye da rabin wa'adinta a ajiya. Kuma takarda kowa na iya buga ta. NIJ tana da jerin rigunan da suka ci gwajinta a intanet, wanda zai kashe kuɗinsa ya nemi sunan samfurin a can tukuna.

Abin da ya fi damuna ba a jikin rigar yake ba. Tun daren da aka fara saka baƙar, na lura wani yaronmu mai hankali, wanda da yake tsayawa a bayan tocila ya busa usur, ya koma shi ne a gaba yana bin lungu shi kaɗai. An ce masa ko AK ba ta fasa ta. Ban shiga maganar tauri da laya ba, kowa da abin da ya gada, amma ita wannan na ga cikinta, na san iyakarta, dole na zaunar da shi na nuna masa tsagar da ke yumɓu.

Sai maganar takardu. A Najeriya rigar harsashi tana cikin kayan da ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Na tambayi mai sayarwa, ya yi dariya ya ce ba a taɓa tambayarsa ba. A garin da ke cike da barikoki, ga masana'antar kayan yaƙi ta DICON a Kakuri tun 1964, farar hula ya bayyana a shingen bincike da tsakar dare cikin baƙar rigar harsashi ba tare da takarda ba, ya ɗauko wa kansa dogon bayani. Ko ta wuƙar sai da muka kai ofishin 'yan sanda na yankinmu aka gani, aka san su wa ke sakawa.

Baƙaƙen da ba a taɓa sakawa ba mun mayar, ya musanya mana da na wuƙa bayan ya zaftare wani abu a kuɗin, wanda na ga bai kamata ba tunda bakinsa ne ya jawo. Ragowar canjin na kai wa wani baduku, yana ɗinka mana abin wuya da na damtse da fatar shanu ninki biyu, kuma na ce ya ƙara maɗauri a gefen rigunan saboda masu ƙiba.