Fita ɗaukar hoto da jagora a zirin Kef: wadda ta cancanci kuɗinka da wadda ba ta cancanta ba

Daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu akwai wani zirin ƙasa mai duwatsu da ya kutsa cikin teku har Cape Point. Masu ɗaukar hoto da yawa suna shirya fitar yini guda a can: su ɗauki mutum a mota, su kai shi wuraren da suka sani, su taya shi saita kyamara. Hidimar tana da amfani, amma sai an tace.

Abin da za ka fara tambaya shi ne tsarin tafiyar. Gabashin zirin, wajen Muizenberg da ɗakunan katakonsa masu launi-launi, yana fuskantar fitowar rana. Yammacinsa, wajen Kommetjie da hasumiyar fitilar Slangkop, nan rana ke faɗuwa. Jagoran da ya san aikinsa zai ɗauke ka tun da asuba zuwa gabas, ya ƙarasa yini a yamma. Wanda ya ce a tashi ƙarfe tara, yawon buɗe ido kawai yake sayarwa. Za ka isa wurare mafi kyau rana na tsaka, inuwa baƙa ƙirin, sama ta yi fari fat.

Cape Point na cikin gandun da hukuma ke kula da shi, dole a fice da faɗuwar rana, kuma an hana tashi da jirgi maras matuƙi. Don haka a je can da safe. Tsohuwar hasumiyar da ke kan tsauni hazo kan rufe ta, abin da ya sa aka gina sabuwa a ƙasa bayan jirgin Lusitania na Fotugal ya nutse a 1911. Ga mai kyamara kuwa wannan hazon alheri ne, in ya yi haƙuri ya jira ya ɗan yaye. Hanyar Chapman's Peak, mai tsawon kilomita 9 da lanƙwasa 114 a jikin dutse, akan rufe ta idan yanayi ya ɓaci saboda faɗowar duwatsu, sai ka tambayi jagora inda zai juya in hakan ta faru.

Inda jagora nagari ya fi amfani shi ne bakin ruwa. Zai duba jadawalin cikar teku da janyewarsa tun kafin ranar. Zai sa ka kafa ƙafafun kyamara a kan dutse, ko ka danna su sosai cikin jiƙaƙƙen yashi, domin igiyar ruwa in ta koma tana kwashe yashin ƙasansu, hoton ya fito da rawa ba ka san dalili ba. Ana farawa da ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) da f/11 (faɗin ƙofar da haske ke shiga). Kana son zaren kumfa fari a kan yashi, ka bar idon kyamara a buɗe rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, ka danna daidai lokacin da ruwan ya fara janyewa. Filta, wato baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, mai rage haske mataki 6 (kowane mataki na raba haske biyu) tana mai da buɗewar 1/60 na daƙiƙa kusan daƙiƙa ɗaya. Mai mataki 10 tana kai shi wajen daƙiƙa 16, teku ya kwanta kamar madara. Ka saita kaifin hoton kafin ka ɗaura ta, don in ta hau, kyamara ba ta gani sosai.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar kudu maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi. Tana girgiza kyamara, tana fesa gishiri a gilashi. Ka sauke sandar tsakiyar ƙafafun kyamara, ka cire igiyar wuya, ka riƙe kyalle mai laushi guda uku aƙalla. Kada ka goge gishirin da ya bushe haka nan, yana karce gilashi. Ka hure yashin tukuna, sannan ka ɗan jiƙa kyallen. Kada kuma ka canza gilashin kyamara a fili.

Ayarin da ya wuce mutum huɗu ko biyar bai dace ba, sawun wani sai ya ɓata maka yashin da kake son ɗauka. A Cape Point, jakar da aka ajiye a buɗe gwaggon biri zai iya yin gaba da ita.