Ƴar rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya a Garwa

Gaskiya bayan taron farkawa zuciyata kamar wuta, amma sati biyu kacal na yi sanyi, ko addu'ar safe da kyar. Shi ne na sayi ƴar rediyon nan mai katin memori a babbar kasuwa, jaka biyar, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a ciki. Ina shara tana karanta min, rannan na ji 1 Sarakuna 19, annabi Iliya bayan nasarar da ya yi a kan annabawan Ba'al a Dutsen Karmel ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, nace ashe ba ni kaɗai ba ce. Batir kam yana kai yini ko an ɗauke wuta. Neman sura ne wahala ƴan'uwa, danne-danne har yatsa ya gaji.