Saƙonnin waya ga masu haƙoran roba: inda suke aiki da inda suka gaza

Wasu asibitocin haƙori kan bi wanda suka sa wa haƙoran roba da saƙonni ta SMS ko WhatsApp, a maimakon takardar bayani da ake miƙa masa ya cusa aljihu ya manta. Dabara ce mai kyau, sai dai ingancin saƙonnin ya bambanta.

Saƙon dare ya fi kowanne amfani, wanda ke cewa a cire haƙoran kafin a kwanta. Dasashi na buƙatar hutun awa 6 zuwa 8. In aka kwana da su, ƙwayar cuta mai suna Candida takan samu ɗumi da danshi a ƙarƙashin robar, ganɗa ta yi jajur, sau da yawa ba tare da zafi ba, shi ya sa mai ita ba ya ankara. Tunatarwar da ta shigo daidai lokacin barci na iya fin dogon bayanin likita tasiri.

Matsalar tana wajen wanki. Saƙon da ya tsaya a kan "a wanke kullum" bai faɗi komai ba. Mutum zai ɗauki man goge baki, wanda ke karce robar, datti ya samu maɓoya a cikin karcen. Wani kuma ya zuba tafasasshen ruwa da niyyar kashe cuta, robar ta lanƙwashe ta daina zama a baki. Saƙo nagari zai ce: buroshi mai laushi, sabulun ruwa marar ƙarfi, ruwa mai ɗan ɗumi, a yi wankin a kan tawul ko kwano mai ruwa domin faɗuwa ɗaya na iya tsaga su. Da dare a jiƙa su, da safe a ɗauraye. Haƙoran roba masu ƙarfen maƙalawa kuwa kada bilic ya taɓa su, yana cin ƙarfen.

Ga tsofaffi, saƙon murya da ɗan gajeren bidiyo sun fi rubutu.

Waya dai ba ta ganin cikin baki. Ƙashin muƙamuƙi yana raguwa bayan cire haƙori, robar ta fara sako-sako, mai ita ya yi ta ƙara man liƙi, alhali ɗigo 3 ko 4 sun isa. Tsarin da ba ya kiran mutum dubawa sau ɗaya a shekara, ko ba ya gargaɗi kan gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, ya bar babban giɓi.