Pedigree Query: ya iya tono asalin dawakin Kentucky Derby, amma kada a bi lissafinsa ido rufe

Duk Asabar ɗin farko ta watan Mayu, dawaki 'yan shekara uku da ba su wuce 20 ba kan fita a Churchill Downs da ke Louisville a Amurka, su yi tseren Kentucky Derby mai nisan kusan mita 2,000. Akasarinsu ba su taɓa gudun wannan nisa ba, shi ya sa masu nazari ke komawa ga asali don gane mai dogon numfashi. Shafin pedigreequery.com na cikin wuraren da ake duba hakan ba tare da biyan kuɗi ba.

Amfani da shi babu wuya. Ka rubuta sunan doki, sai jadawalin iyaye da kakanni har hawa biyar ya fito, ingarma a sama, goɗiya a ƙasa. Idan kaka ɗaya ya bayyana ta wajen uwa da ta wajen uba, za a sa masa alama mai launi. A nan kan ga yadda jinin shahararrun ingarmu Northern Dancer da Mr. Prospector ya mamaye dawakin Amurka. Abin lura: suna ɗaya kan faɗa wa dawaki da yawa, don haka a duba shekarar haihuwa da alamar ƙasa kafin a zaɓa.

Inda shafin ya fi amfani shi ne jerin 'ya'yan goɗiya. Ɗauki Puca, 'yar Big Brown. Ita ta haifi Mage da ya ci Derby a 2023, da Dornoch da ya ci Belmont, wani babban tseren Amurka, a 2024, dukansu 'ya'yan Good Magic, sannan Baeza ɗan McKinzie da ya zo na uku a Derby na 2025. Wanda ya tsaya kan sunan uba kaɗai ba zai ga wannan ba. Haka Sovereignty, da ya ci Derby a 2025: ubansa Into Mischief bai taɓa tseren nisan Derby ba, amma uwarsa Crowned 'yar Bernardini ce, kakarsa Mushka kuma 'yar Empire Maker, wanda ya ci Belmont mai mita 2,400 a 2003.

Sai lambobin DP (Dosage Profile, jerin makin da doki ya samu daga ingarmun asalinsa) da DI (Dosage Index, lambar da ke auna zafin gudu a kan juriya) da ke saman jadawalin, inda sababbin shiga ke zamewa. Tsari ne da Steven Roman ya fito da shi a 1981. Ana raba fitattun ingarmu aji biyar, daga masu zafin gudu a gajeren zango zuwa masu juriya. Uba na da maki 16, hawa na biyu 8, na uku 4, na huɗu 2. Sai a haɗa aji biyu na farko da rabin na tsakiya, a raba da ɗaya rabin haɗe da aji biyu na ƙarshe. A ce DP ya nuna 8-6-10-0-0: 19 a raba da 5, DI ya zama 3.80. A da ana cewa wanda ya haura 4.00 ba zai kai labari a Derby ba. Amma Strike the Gold ya ci a 1991 da 9.00, American Pharoah a 2015 da 4.33, Nyquist a 2016 da 7.00. Dalili a fili yake: lissafin ba ya ƙirga goɗiyoyi ko kaɗan, kuma ingarman da ba a riga an sa shi a wani aji ba sifili yake bayarwa ko da 'ya'yansa na cin tsere. Dokin da jimillar makinsa ba ta da yawa, DI ɗinsa kan yi tsalle da sauyin suna ɗaya. Na Strike the Gold ɗin ma ya faɗo ƙasa da 4.00 bayan an sa ubansa Alydar a aji.

Rauni na biyu: masu amfani da shafin ne ke shigar da bayanai. Asalin manyan dawaki yawanci daidai yake, amma adadin tsere da kuɗin da doki ya ci kan yi jinkirin sabuntawa, wasu rahotannin kuma sai an biya. Ba zai gaya maka yadda doki ya yi a taɓo ba, ko lambar ƙofar da ya samu, ko makin cancantar da ake tace masu shiga da shi tun 2013. Waɗannan a neme su a Equibase, shafin bayanan tseren dawaki na Amurka, a ajiye Pedigree Query don tono dangin uwa.